Mai aikin za ku kawo wa yaran nan

Na ga hotunan wani taro. Wai taron zaburar da yaran ƙaramar sakandare kan kimiyya, amma aka shanya su a rana tun hantsi ana jiran ɗan siyasa, ya iso bayan azahar, ya karanta takardar da wani ya rubuta masa, aka tafa, ya shige mota. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Mai aikin za ku kawo. Masanin kimiyya, wanda kullum hannunsa ke cikin gwaji. A Samaru ta Zariya akwai masu binciken da suka fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanso. A Shika, kusa da Zariya, aka samar da kazar Shika Brown. A Vom ta jihar Filato ana haɗa rigakafin dabbobi. Ko nan asibitin unguwa akwai matar da ke duba jini ta gano zazzaɓin cizon sauro. Ta zo da madubinta mai ƙara girman ƙananan halittu, ta ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi, yarinya ta kanne ido ɗaya ta leƙa ta ga wani abu yana wutsil-wutsil. Daga nan sai tambaya ta ɓarke: Anti, wannan muke sha? Anti, me kika karanta? Tambayar nan ita ake nema.

Za a ce sun yi ƙanƙanta. Haba! A ƙarshen aji uku fa ake raba su, wannan kimiyya, wancan adabi, yawancinsu ba su taɓa ganin masanin kimiyya ido da ido ba, ballantana wanda zai yi musu bayani da Hausar gidansu. Za a ce babu kuɗi. Kuɗin hayar rumfa da kujeru da lemon manyan baƙi ya ishi kuɗin motar malamin jami'a har ya yi saura. Takarda ɗaya ce shugaban makaranta zai rubuta. Ku kawo mai aikin, ku ba shi aji guda da minti 40.

Af, tun 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, sun yaye likitoci da injiniyoyi bila adadin. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗaliban nan, ban da taron shekara da rabon kalanda, wa ya hana ku ɗaukar ƙananan makarantun ƙauyukanku ɗaya bayan ɗaya?