Jirgi ya iso Kubwa, amma har yau ma'aikaci na tsaye a bakin titi

Duk wanda ke kwana a Kubwa yana aiki a cikin garin Abuja ya san yadda bakin babban titi yake da ƙarfe shida na safe. Ana sallame asuba mutane za su fara gangarowa, mai jaka a kafaɗa, mai kular abinci a hannu, mace da goyo tana jan ɗan makaranta, kowa idonsa na kan hanya, mota na rage gudu sai kaga mutum goma sun yi kanta a guje tun kafin direba ya faɗi inda za shi. Berger ne, Wuse ne, Sakatariya ne, sai an riƙe murfin ƙofa ake tambaya. Huɗu a baya biyu a gaba, a haka za a matse har cikin gari, kuma kana shiga kana karanta duk addu'ar da ta zo bakinka saboda ba ka da tabbacin cewa ba motar 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi, ka faɗa ba.

To a wannan garin dai na Kubwa akwai tashar jirgin ƙasa da aka gina musamman saboda waɗannan mutanen, tashar Gbazango. Wannan shi ne abin da ke ci min rai, don na shiga jirgin, na san daɗinsa. Ka zauna a kujera kai kaɗai ba wanda ya ɗora maka gwiwa, sanyin esi na ratsa ka, ta taga kana kallon gonaki da duwatsu da bayan gidajen mutane, ba hon ba gosulo ba zagin direba. Wallahi ranar farko da na hau sai da na ji kamar a wata ƙasa nake. Amma washegari bakin titi na koma, kuma ba ni kaɗai ba.

Aikin nan ba jiya aka fara shi ba. A 2007 aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar jirgin cikin birnin Abuja, ƙarshen mulkin Obasanjo kenan, aka yi ta jan ƙafa gwamnati na zuwa gwamnati na wucewa, sai a watan Yulin 2018 Buhari ya ƙaddamar da shi. Shekara 11. Kuɗin da ya ci ya haura dala miliyan 800, kuma dala miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, bashin da ni da kai da mai goyon nan ta bakin titi za mu biya, ko mun hau ko ba mu hau ba. Layi biyu aka shimfiɗa, tasha 12. Ɗaya ya taso daga tashar Metro a tsakiyar gari ya bi ta Stadium, Kukwaba ta ɗaya da ta biyu, Wupa, Idu, Bassanjiwa har filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Ɗayan kuma, wanda shi ne namu, ya taso daga Idu ya bi Gwagwa, Deidei, Kagini ya tuƙe a Gbazango.

Da aka buɗe a 2018 ɓangaren filin jirgi ne ya fara aiki, shi ma da 'yan taragu ƙalilan, mu na wajen gari aka ce mu dakata. Muna dakon sai ga korona a 2020, aka rufe komai. Korona ta wuce, kasuwanni suka buɗe, makarantu suka buɗe, masallatai suka cika, jirgin cikin gari shiru, har shekara huɗu. A wannan tsakanin ɓarayi suka samu sake suka yi ta yankar wayoyi da kwasar kayan aiki, abin da aka saya da bashi aka sake zuba wasu kuɗin a gyara. Sai ranar 29 ga Mayun 2024 Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, Wike na ministan Abuja, aka kawo sabbin jirage masu amfani da dizal, aka ce kyauta ne na wata biyu, shugaban ƙasa ya ce a'a a kai har ƙarshen shekara.

Gaskiya dai gaskiya ce, a wannan karon an yi abin da ya kamata a yi tun farko, an yi titunan shiga tashoshin da filayen ajiye mota. Don a da wasu tashoshin gini ne kawai a tsakiyar ciyawa, kana hango shi amma ba ka san ta inda za ka bi ka isa ba. Yanzu akwai ɗakin jira, akwai dandamalin hawa, akwai ma'aikata da jami'an tsaro, ginin ba laifi. Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba.

Amma ni a ganina tashar unguwa ba da gini ake auna ta ba. Da abu biyu ake auna ta, yaya zan yi in je daga ƙofar gidana zuwa tashar, sannan idan na je yaushe jirgi zai zo. A nan ne maganar take.

Na taɓa tambayar wata maƙwabciyarmu, babbar mace ce tana aikin shara da goge-goge a wani ofis a cikin gari, na ce Hajiya ke da kuɗin mota ke cinye rabin albashinki me ya hana ki bin jirgi tunda kyauta ne. Dariya ta yi ta ce ɗana kyautar a ina, ta shiga lissafa min da yatsu, kuɗin Keke daga gida zuwa tasha, jiran jirgi, a je Idu a sauka a canza wani, a isa Metro, daga Metro kuma a sake neman motar da za ta kai ta bakin aiki. Ta ce ita ƙarfe bakwai ake so an gama share ofis kafin masu ofis su zo, in jirgi ɗaya ya wuce ta shikenan ranar ta lalace, a bakin titi kuwa ko da kokawa ne za ta samu mota. Ban iya ce mata komai ba don lissafinta daidai ne.

Kaga layin namu zagaye yake yi. Babban titin Kubwa miƙewa yake har cikin gari, jirgi kuwa sai ya gangara Idu tukuna sannan a juyo. Wannan ba zai dami kowa ba da a ce jirage na tashi akai-akai, don mutum zai iya haƙura da tafiya mai ɗan tsawo idan ya san lokacin isarsa. Abin da ba zai haƙura da shi ba shi ne rashin tabbas. Lokacin da aka dawo da jirgin sawu kaɗan yake yi a rana, 'yan safe da 'yan yamma, to jirgin da ke zuwa haka jirgin tafiya ne ba jirgin zuwa aiki ba. Jirgin zuwa aiki shi ne wanda ba ka buƙatar haddace jadawalinsa, ka je kawai ka tsaya, ka san kafin ka gama amsa waya ɗaya wani ya iso.

Abin da ya ƙara sa ni wannan rubutun shi ne ɗaya tashar, don Kubwa tasha biyu gare ta. Akwai ta jirgin Abuja zuwa Kaduna, ta hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, layin da aka buɗe a watan Yulin 2016 mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Kowa ya tuna yadda ta koma lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kaduna. Manya suka ajiye jif-jif ɗinsu suka dawo jirgi, sanatoci, manyan sojoji, manyan 'yan kasuwa, tasha ta cika maƙil, tikiti ya zama gwal har 'yan bumburutu suka shigo ciki, aka yi ta kuka har aka kawo sayen tikiti ta intanet a farkon 2021. Bayan mummunan harin ranar 28 ga Maris 2022, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, an dakatar da jirgin, amma kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, ya dawo aiki. Wata takwas da 'yan kwanaki, duk da girman abin da ya faru. Shi kuwa jirgin ma'aikata da ba wanda ya kai masa hari shekara huɗu ya yi a ajiye. Ban ce kada a kula da na Kaduna ba, ni ma shi nake hawa in za ni gida, amma bambancin a fili yake, wanda manya ke hawa ba ya kwana a lalace.

Na san abin da wasu za su ce, na sha jin sa. Wai mutanen Abuja 'yan ƙarya ne kowa so yake a gan shi a mota, wai ko kyauta aka ba su ba za su hau ba. Ni ban yarda ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu motar ma da yawa sun ajiye, wasu sun mayar da motocinsu kabu-kabu safe da yamma don su samu na mai, ma'aikaci mai muƙami ne zai tsaya ya ɗebi fasinja a hanyarsa ta zuwa ofis. Mutumin da ya kai wannan matsayin ba ƙarya ce ta hana shi hawa jirgi ba. Wasu kuma su ce jirgin ba ya kawo riba don haka ba za a iya ƙara sawu ba. To titin Kubwa mai layi goma ribar nawa yake kawowa? Ba wanda ya taɓa tambaya, saboda kowa ya san amfanin titi ba a aljihun gwamnati ake ganinsa ba, a rayuwar masu bi ake gani. Jirgin gari ma haka yake. Kuma ai kuɗin mai nauyi an riga an kashe, dogo na nan, tasha na nan, taragu na nan, abin da ya rage ƙarami ne a kan wanda aka zuba.

In ka duba tarihinmu na arewa ma, jirgi da kasuwa tare suke tafiya. Da dogo ya isa Kano a 1911 ai shi ya ɗaga cinikin gyaɗa, garuruwa irin su Kaduna da Kafanchan a jikin tasha suka girma, Nguru da Ƙaura Namoda sun san abin da zama ƙarshen layi ya jawo musu. Tasha wuri ce mai rai, mai shayi na nan, mai ƙosai na nan, ɗan dako na nan. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a mayar da Gbazango wuri mai shiru kamar asibiti. A yanka 'yan shaguna a ba mutane haya cikin tsari, a bar mai waina da mai shayi su kafa teburi, a samu wurin alwala da sallah da banɗaki mai ruwa, a kunna fitilu tun daga bakin unguwa har ƙofar tasha. Mace ba za ta bi hanya mai duhu da asuba ita kaɗai ba ko jirgin na zinare ne, amma in ta san akwai haske akwai jama'a za ta bi.

Sai maganar abin hawa, wadda ita ce babba. An hana acaɓa a tsakiyar gari tun 2006 zamanin El-Rufai, an hana ƙananan bas-bas a 2013, Keke ma ba ko'ina yake shiga ba, to wanda ya sauka a Metro da me zai ƙarasa? Kamata ya yi duk jirgin da ya tsaya ya tarar da bas na jiransa, ɗaya ta yi Sakatariya, ɗaya kasuwar Wuse, ɗaya Area 1 da Garki, a wannan gefen kuma bas ko Keke masu rajista su riƙa zagaya cikin Kubwa suna kawo mutane tasha a kan kuɗi sananne. Legas sun gwada haɗa abin, kati ɗaya na Cowry mutum ke hawa bas da shi ya hau jirgi da shi, ba sai mun je Turai koyo ba. Su ma direbobin da ke lodi a bakin titi ba abokan gaba ba ne, a jawo ƙungiyoyinsu a ba su fili a tasha, cinikinsu ne zai canza hanya ba rasa shi za su yi ba.

Kuma kar a manta da Deidei. Duk wanda ya san kasuwar kayan gini da ta katako da kara ta dabbobi ya san dubban mutanenmu ne ke wuni a wurin, da yawansu a Gwagwa da Kagini da Kubwa suke kwana. Layin nan ta kansu ya bi. Ko ba a je cikin gari ba, zirga-zirga tsakanin waɗannan unguwannin kaɗai ta isa ta cika taragu in an tsara lokaci daidai da buɗe kasuwa da tashinta, aka kuma ware tarago ɗaya da mutum zai iya shiga da buhu ko kwali ba a hantare shi ba.

Mutanen Nyanya da Karu da Mararaba su nasu ya fi namu ciwo, don layin da aka tsara zai bi ta wajensu har yau a takarda yake, kuma can ne gosulon ya fi muni. Ina goyon bayan a gina shi. Amma kafin a sake cin wani bashin a fara nuna mana a Gbazango cewa an iya riƙe wanda ke hannu, a liƙa jadawali babba a ƙofar tasha da Hausa da Turanci da Gbagyi, jirgin farko ya tashi tun ƙarfe biyar da rabi, na ƙarshe ya jira waɗanda ke tashi aiki bayan isha'i, a yi haka wata shida ba fashi, sannan a fito bakin titi da ƙarfe shida na safe a ƙirga mutum nawa suka rage.