Kafin mayo ya kawo: wa zai ɗauki wa a unguwarku?

Duk wanda ya zauna a Marwa, a arewacin Kamaru, ya san Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga (mayo shi ne kogi) sun fi rabin shekara a bushe, yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki, masu wanki na tona rami suna ɗiban ruwa, masu amalanke na kwasar yashi. To waɗannan watannin na rani su ne lokacin shirin ambaliya, kuma su ne muke bari su wuce a banza. Sai Agusta ta kama, ruwa ya shiga ɗaki da tsakar dare, a lokacin ne zaka ji ana neman buhu, ana neman shebur, ana tambayar waye ke da lambar pompiye, wato 'yan kwana-kwana, kowa da tocilan ɗin waya a hannu yana ihu ba mai sauraron wani.

Kuma ba wai abin baƙo bane a wajenmu. A 2012 ruwa ya ci arewacin Kamaru, aka buɗe madatsar Lagdo, mutanen gaɓar Binuwai suka ji a jikinsu tun daga Garwa har cikin Najeriya, a can Maga kuwa mutane suka kwana ido biyu don tsoron kar madatsar da aka gina a 1979 saboda noman shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY ta fashe. A ƙarshen Agustan 2020 gadar Palar ta rufta, hanyar da ta haɗa Marwa da Mora da Kusiri ta yanke. A Oktoban 2022 gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta ɓaci saboda ambaliya, unguwanni irin su Waliya a Njamena sai da kwalekwale ake shigarsu. Sai 2024 ta zo ta fi su duka, a Chadi kaɗai mutum kusan miliyan 2 abin ya shafa, sama da 500 suka rasu, a wajenmu gadar Yagwa ta karye a watan Satumba, a satin ne ma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Wanda har yanzu yake cewa ruwa ya zo mana bagatatan, gaskiya bai yi wa kansa adalci ba.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne awa uku ko huɗu na farko. A cikinsu ba meri (ofishin magajin gari), ba sufrefe (wakilin gwamnati a ƙaramar gunduma), ba ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, ba motar kowa, hanyar ma ƙila ta yanke. Wanda zai fito da tsohuwar da ƙafarta ta daina ɗaukarta maƙwabci ne, wanda zai tuna cewa akwai almajirai goma sha da ke kwana a zauren malam maƙwabci ne. Kuma maƙwabtan namu suna yi wallahi, matasanmu ba su da ƙyashin jiki a irin wannan rana, na ga yaran da suka shiga ruwa iya ƙirji suna fito da mutanen da ko sunansu basu sani ba. Matsalar ita ce kowa gidan da ya fi ihu yake nufa. Gidan da ba mai ihu, na makaho ko na mai jego da mijinta ya tafi fatauci ko na dattijon da ke kwance shi kaɗai, shi ake tunawa da asuba, wani lokacin bayan katanga ta riga ta zauna a kansa. Saboda haka shirin da nake magana ba wani babban abu bane mai cin kuɗi, takarda ce guda a hannun mai unguwa, jauro ne ko lawan ko bulama, an rubuta gidajen da ke da wanda ba zai iya fita da ƙafarsa ba, a gaban kowane suna an rubuta mutum biyu da aka ɗora wa alhakinsa, da inda za a kai shi. Mutum biyu, domin ɗaya zai iya yin tafiya ko nasa gidan ya riƙe shi.

Sannan mu gane ruwanmu iri biyu ne, kuma shirin ɗaya baya yi wa ɗayan. Na mayo ɗan gaggawa ne. Ana iya kwana a Marwa ko ɗigo bai sauka ba, amma an tafka ruwa a duwatsun Mandara wajen Mokolo, sai kawai ka ji ƙugi, Tsanaga ya kawo da itatuwa da shara da duk abin da ya tarar a hanya. Irin wannan maganinsa waya ne, a samu mutum amintacce a Gazawa da Miskin wanda in ya ga mayo ya cika zai kira mutum ɗaya takamaimai a unguwa, ba ya tura murya a gurup ɗin WhatsApp mai mutum ɗari uku da ƙarfe biyun dare kowa na barci ba. Shi kuma wanda aka kira ya san ladanin da zai tasa, domin lasifikar masallaci ta fi kowace waya isa cikin gidaje, in dai an tanadar mata batir saboda iskar farko ce take ɗauke wuta. Ruwan kogin Logon kuwa a hankali yake tahowa, yana bi ta Mundu da Lai da Bongor da Yagwa da Pus kafin ya haɗu da Shari a tsakanin Kusiri da Njamena, kuma yakan kai ƙololuwa a Oktoba zuwa Nuwamba lokacin da sama ta riga ta ɗauke. Wannan yana ba da makonni, amma makonnin ne ke yaudarar mutane, kullum ana cewa gobe zai tsaya. A nan abin da ake buƙata sanda ce da aka kafa a gaɓa aka yi mata zane, da mutumin da zai duba safe da yamma, da yarjejeniya tun da wuri cewa in ruwa ya taɓa zane kaza to mata da yara da marasa lafiya su fita, ba sai an sake zaman muhawara ba.

Akwai wani abu da maza idan sun zauna shirin nan suke mantawa, wato gidajenmu da yawa ba shiga ne. Saurayi ɗan sa kai zai zo ƙofar gida ya tsaya yana sallama, maigida baya nan, matar tana ciki da yara huɗu ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa kuma ba zata fita ba sai da izini. Wannan ba abin da za a warware cikin dare bane. A rani ake warware shi, maigida ya faɗa wa iyalinsa da bakinsa cewa in bana nan kuma an yi shela ku bi Hajiya wance ku tafi lakwal, wato makaranta, liman ma ya faɗa a huɗuba. Kuma dole a sa mata a cikin kwamitin, ungozoma da uwar adashe da malamar Islamiyya, su ne suka san wace ce cikinta ya tsufa, wane yaro ne ke da sikila, wane gida ne aka yi baƙi. Namiji zai ƙirga maka ƙofofi, mace ce zata faɗa maka mutum nawa ke kwana a bayan kowace.

Wasu suna ganin wanda ya ƙi barin gidansa taurin kai ne kawai. Ni ban yarda ba. Mutumin da duk arzikinsa awaki biyar ne da buhu uku na dawa da keken ɗinkin matarsa, ka ce ya fita ya barsu, ya san sarai wasu na jiran dare su shigo da kwalekwale su yi masa ƙarƙaf. In ana so ya fita, a nuna masa tudun da za a ɗaure dabbobi da wanda zai kwana da su, a nuna masa matasan da za su riƙa zagaya gidajen da aka bari. Kuma wannan ba sabon aiki bane a yankinmu, shekarun Boko Haram sun koya wa garuruwa da yawa a gundumomin Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logon-da-Shari yadda ake kafa 'yan sa ido, ana raba dare, ana busa usur, kowa ya san layinsa. Ga kwamitin jana'iza da kowace unguwa ke da shi, wanda cikin awa biyu zai haɗa masu haƙa da masu wanka da makara ba tare da an rubuta wa kowa wasiƙa ba. Iyawar tana nan, juya ta kawai za a yi ta fuskanci damina.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da gaskiyarsu: in talaka ya ɗauki wannan aikin ai an sauke wa gwamnati nauyi kenan. Matasan unguwa ba za su gina gadar Palar ba, ba za su gyara datsin Logon ba, wanda bayan 2012 sai da Bankin Duniya ya ba da bashin sama da dala miliyan 100 aka yi aikinsa tare da madatsar Maga. Haka ne. Manyan magudanai da hana gini a bakin mayo da sanar da mutane kafin a buɗe madatsa duk haƙƙin hukuma ne, kuma ba zamu daina tambaya ba. Amma unguwar da ta je meri da takarda a hannu tana cewa ga gidaje kaza da ruwa ke shiga, ga kwalbatin da ya toshe, muna son tipa biyu na ƙasa da buhu kaza kafin Yuni, ta fi ƙarfin a sallame ta da "za a duba" fiye da mutum ɗaya da ya je yana ƙorafi. Kuma ranar da kayan agaji suka zo, wannan takardar ce zata hana a rubuta sunan ƙanin wane da ko tabarmarsa bata jiƙe ba a bar gwauruwar da ɗakinta ya faɗi.

Maganar kuɗi kuwa, gara a yi ta kaɗan kuma a fili, don nan ne kwamitoci ke mutuwa. Sefa ɗari biyu ko ɗari biyar kowane gida a wata, a karanta lissafi a ƙofar masallaci, a sayi abin da ido zai gani, igiya doguwa, shebur, tocila, usur, buhunan da aka zazzage siminti ko shinkafa. Buhun ma akwai yadda ake cika shi, ba a cika shi dam, rabi ne da ɗan ɗori, a naɗe bakin a ƙasa, a jera kamar bulo na sama ya hau kan gaɓar na ƙasa biyu, a tattake. Wanda aka cika ya yi tim kamar tulu ruwa ta tsakaninsu yake bi. Sai aikin gayya na yashe kwata a watan Mayu, tunda ledar da aka ce an hana a Kamaru tun 2014 har yau ita ce ke toshe mana magudanai. Masu gidan ƙasa kuma a taya su yaɓe gindin katanga, domin daga ƙasa take shan ruwa ta yi laushi, sama tana nan kamar lafiya lau har ta kife. Masu kwano a duba ƙusoshi kafin iskar farkon damina, wadda ta fi kwashe rufin azuzuwa da masallatai.

Bayan ruwa ya janye ma aikin bai ƙare ba, lokacin ne masai ya haɗe da rijiya, kuma mu a nan mun san abin da kwalera ta yi mana a 2010. Kowane ɗan kwamiti ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a fara ba mai gudawa a hanyar kai shi asibiti, kuma a hana shan rijiyar da ruwa ya shiga sai an yashe ta an sa mata magani. Takardu kuma tun yau a haɗa su a leda mai kauri a ɗaure a rataye sama kusa da ƙofa, katin ɗan ƙasa da takardar fili da takardun haihuwar yara, domin yaron da takardarsa ta narke a Satumba shi ne zai zo zana CEP, jarrabawar gama firamare, a ce babu, uban ya kama zirga-zirga tsakanin meri da kotu da kuɗin da ba shi da shi. A ɗauki hotonsu a waya a tura wa ɗan uwa da ke wani gari. Sannan a Disamba, tun ba a manta ba, kwamitin ya sake zama ya gyara takardarsa, a cire wanda ya rasu ko ya tashi, a ƙara wadda zata haihu da damina mai zuwa, a sauya saurayin da ya tafi Duwala neman kuɗi da wani wanda ke gida.