Bashi Ba Laifi Ba Ne: A Daina Kai Shi Caji Ofis

Ɗan kasuwa a Sabon Gari ya ba wani buhu 20 na masara a kan zai biya bayan wata biyu. Lokaci ya cika, kuɗi ba su zo ba, waya kuma ta daina shiga. Abin da akasarinmu za su yi shi ne su nufi caji ofis, a ɗauko mutumin a kulle har danginsa su harhaɗo kuɗin. Wannan al'ada ta yi mana katutu a Zariya, kuma ta saɓa wa doka.

Shari'a iri biyu ce. Akwai ta laifi, inda hukuma ce ke gurfanar da mutum saboda ya aikata abin da rubutacciyar doka ta haramta, kamar sata ko fashi, ƙarshenta kuwa ɗauri ko tara. Akwai kuma ta haƙƙi tsakanin mutum da mutum, irin su bashi, haya, gona da gado, inda ake neman a mayar wa mai abu abinsa. 'Yan sanda na ta farko ne kawai. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Ke nan tsare uba ko mata don mai bashi ya fito haramun ne a doka. Ita ma Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin jami'an tsaro ba ne.

To, ta yaya ake kewaye wannan? Da sauya wa abu suna. A takardar ƙorafi sai bashi ya koma "cin amana" ko "zamba", laifuka biyu da ke cikin dokar Penal Code. Amma kowannensu yana da sharaɗi. Zamba tana buƙatar a nuna cewa tun ranar da mutum ya karɓi kayan da niyyar yaudara ya zo. Cin amana kuwa sai an ba shi ajiya, ko an wakilta shi a kan dukiya, ya karkatar da ita. Wanda ya sayi masara bashi, farashi ya karye, ya kasa biya, bai shiga ko ɗaya ba. Cek ɗin da banki ya dawo da shi don babu kuɗi a asusu, wannan kam laifi ne tun dokar 1977, kuma hukuncinsa ɗaurin shekara 2.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai kayan kansa yake cuta. A shari'ar laifi sai an kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi har sai an tabbatar. A ta haƙƙi kuwa rinjayen hujja ya isa. Mutum ya bar hanya mai sauƙi ya kama mai wuya, a yi ta ɗage zama, ƙarshe a sallami wanda ake ƙara. Shi kuma wanda aka tsare fiye da ƙa'ida, wato kwana ɗaya in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, yana iya zuwa Babbar Kotu ya nemi diyyar tauye masa 'yanci, kuma har da wanda ya sa aka kama shi ake haɗawa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Na san hujjar masu wannan hanya: kotu tana da jan ƙafa, ɗan sanda kuwa yau-yau ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma gyaran yana wuyan ɓangaren shari'a na Jihar Kaduna. Sai dai kuɗin da aka tatsa a bayan kanta sau da yawa wani bashin aka ciwo, ko an sayar da akuyar uwar gida, ga kuma zumuncin shekaru ya mutu.

Hanyar da ta dace tana farawa ne tun ranar ciniki. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Takarda ɗaya ta wadatar: sunaye, adadin kaya, farashi, ranar biya, sa hannun shaidu biyu. A adana shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin waya. In lokaci ya wuce, a aika takardar neman biya mai wa'adi, sannan a gwada sulhu wurin shugabannin kasuwa ko mai unguwa, a rubuta abin da aka cimma.

In sulhu ya ci tura, Musulmi biyu suna iya zuwa Kotun Shari'ar Musulunci, inda hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Akwai kuma ɓangaren haƙƙi na kotun majistare, sai Babbar Kotu in kuɗin sun wuce hurumin ƙananan kotuna. Bayan hukunci, kotu tana iya tsara biya kashi-kashi, ko ta sa a riƙe kuɗin da ke asusun wanda ake bi, ko ma'aikatanta su kama kadararsa a yi gwanjonta a biya mai haƙƙi.