Maganin gajiya ba karin kumallo ba ne

'Yan uwana matasa, ranar Talatar da ta wuce da misalin ƙarfe bakwai na safe ina tsaye a Kwangila da ke Zariya ina jiran mota, sai na ga wani ɗan acaba, wanda ban yi zaton ya kai shekara ashirin ba, ya tsai da mai tallan magani ya ce a ba shi haɗin gajiya. Aka zuba masa ƙwayoyi huɗu a tafin hannu, ya watsa su a baki ya kora da lemon kwalba. Na tambaye shi ko ya karya, ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai shi ne karin." Tun ranar abin yake ci mini rai, domin a unguwarmu an taɓa kwasar wani lebura yana aman jini, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, kuma irin wannan haɗi ya daɗe yana sha.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ana wanke kayan ciki ya ga wani yauƙi mai santsi da ke manne a jikin hanji. Mu ma muna da irinsa, kuma ba ƙazanta ba ce. Cikin mutum yana fitar da ruwan asid mai ƙarfin da yake taimakawa a narkar da tsokar nama, alhali shi kansa cikin nama ne. Abin da ya hana shi narkar da kansa shi ne wannan shimfiɗa ta majina da Allah Ya lulluɓe bangonsa da ita, wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. Sauran kuwa akasari wani furotin ne da masana ke kira musin, dogon zare mai ɗauke da rassan sukari birjik, waɗanda suke riƙe ruwa har abin ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. A ƙarƙashin shimfiɗar, bangon ciki yana tsatso sinadarin bayikabonet mai kashe tsami, kamar yadda kanwa take yi, saboda haka kafin asid ya ratsa ya isa ga tsoka ƙarfinsa ya riga ya karye.

To, a nan ɓarnar take. Akwai wani sinadari a jiki, furostagilandin, wanda shi ne yake sa bangon ciki ya yi ta samar da majinar da bayikabonet ɗin, ya kuma kawo wa wurin jini isasshe. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda su aka fi cusawa cikin haɗin gajiya, suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin wannan sinadari. Wato a daidai lokacin da ciwon bayanka yake lafawa, shimfiɗar cikinka sirancewa take yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren nan yana kusa: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna ita ce kan haddasa gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana zaune ne cikin majinar kanta, tana fitar da amoniya ta kare kanta daga asid. Mai ɗauke da ita, ya kuma ɗora mata ƙwayoyi biyu ko uku iri ɗaya kullum safiya, ya haɗa wa cikinsa abokan gaba biyu. Jiki magayi!

Abin takaicin shi ne har da masu karatun jami'a a Samaru da Kongo, waɗanda suke iya karanta takardar da ke cikin kwalin maganin, su ma haka suke yi lokacin jarrabawa. Ban ma zo kan masu busa sigari da shisha ba, ga shi taba tana hana gyambo warkewa, balle masu tiramadol da suka mai da kansu abin tausayi. Idan ciki ya fara zafi sai a ce yunwa ce, a sayi wata ƙwayar a ɗora. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Ku ji tsoron Allah game da jikinku, ku nemi likita idan ciwo ya ƙi tafiya.

Da muna yara a cikin birni, babu uwar da za ta bar ɗanta ya taka zaure bai ci ɗumame ba, ko ya sha koko da ƙosai. Magani kuwa a hannun maigida yake, a can saman kwaba, ba a ɗauko shi sai ciwo ya tabbata. Wanda ya gaji a gona ko wurin gini, ruwan zafi ake ɗora masa ya gasa jikinsa ya kwanta. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar yake tsayawa gaban farantin magani da rana ta gama dukansa, ya nuna da yatsa ya ce a ba shi ja da ɗorawa, dattawa suna zaune a gefe suna kallo, babu mai cewa uffan.