Kama da wane ba wane ba ne, amma a gyaran tsohuwar mota wani lokacin ya wadatar

Akwai muhawarar da na daɗe ina bibiya tsakanin masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da masu ƙwanji, wato motoci matsakaita da aka cusa wa manyan injuna masu silinda takwas, tun daga Pontiac GTO ta 1964 har zuwa farkon shekarun 1970, lokacin da tsadar inshora da dokokin hayaƙi da matsalar man fetur ta 1973 suka taru suka karya lagonsu. Ana jayayya ne a kan abin da ya kamata a saka wa irin wannan mota idan za a gyara ta: kayan asali da masana'anta ta fitar a wancan zamani, ko kuwa sababbin da ake ƙerawa yau a kan fasalin na da. A ganina mutane da yawa suna biyan kuɗin asali a inda bai da wani amfani, suna kuma sakaci a inda asalin yake da muhimmanci.

Maƙwabcina a nan inda nake zaune, wani dattijo da ya yi ritaya, yana da Camaro ta 1969 wadda tsatsa ta cinye mata gefe, saboda gishirin da ake barbaɗawa a tituna lokacin ƙanƙara ba ya barin ƙarfe ya zauna lafiya. Ya yi odar sabon madigadi na kwaikwayo, ya iso da baƙin fenti yana sheƙi, amma da aka ɗora shi sai ga tazara tsakaninsa da ƙofa, daga sama yatsa yana shiga, daga ƙasa kuwa ƙarfe yana gogar ƙarfe. Kwana uku mai gyaran jikin mota ya yi yana yanka yana walda kafin layin ya daidaita. Daga baya dattijon ya ci karo da na asali wanda ba a taɓa ɗaura wa mota ba, da tambarin GM, kamfanin da ya ƙera motar, a jikinsa, amma kuɗin da aka yanka masa ya ninka na kwaikwayon sau da yawa, sai ya haƙura. Ni kuma na ce ya yi daidai, domin motarsa Camaro ce ta gama-gari, irin wadda aka ƙera dubbai, kuma wannan madigadi ba zai ƙara mata darajar da za ta mayar masa da kuɗinsa ba.

Lamarin yana sauyawa ne idan motar ba ta da yawa a duniya. Tun daga wajen 1968 kamfanoni suke buga wani ɓangare na lambar mota a jikin inji da giyabos, kuma kusan kowane ƙarfe, daga kafireta zuwa gilashin taga, yana ɗauke da alamar lokacin da aka yi shi. Motar da injinta yake ɗauke da lambarta, shi ne wanda ta baro masana'anta da shi, ita ce ake rububi a gwanjo. A 2014 kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a birnin Siyatil kan dala miliyan 3.5, kuma irinta da aka ƙera a shekarar ba su kai goma sha biyar ba. Wanda ya biya wannan kuɗi ba gudu ya saya ba, don motar iyali ta zamani mai ƙarfi za ta iya yin kafaɗa da ita, ta kuma fi ta birki nesa ba kusa ba. Shaida ya saya, cewa wannan ƙarfen shi ne ma'aikata suka ɗaura da hannunsu fiye da shekara hamsin da suka wuce. A irin wannan mota, ko a Camaro ZL1 ta 1969 da aka yi guda 69 kacal, cire abu na asali a saka na kwaikwayo tamkar yage shafi ne daga tsohon kundi a liƙa hotonsa.

Abin yakan tuna mini da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda mai saye yake tambaya ko kayan Beljiyam ne ko Taiwan, kuma abin dariyar shi ne yawancin ƙarafan jikin da ake kwaikwaya wa waɗannan motoci a Taiwan ɗin ake buga su. Sai dai mu ƙarko muke nema idan muka zaɓi tsohon asali, su kuwa tarihi suke nema.

Akwai kuma inda nace wa asali ya zama ganganci. Roba tana mutuwa ko ba a yi amfani da ita ba, saboda haka taya mai shekara hamsin, da tiyon birki, da tiyon mai, duk asalinsu, tarko ne ga direba, balle ma fetur ɗin Amurka na yanzu da ake gauraya shi da itanol yana cin tsohuwar roba. Motocin da aka yi kafin 1967 yawancinsu layin man birki guda ɗaya gare su, idan ya yi yoyo ƙafafu huɗun duka sun tafi. Kamfanin Coker Tire da ke jihar Tenesi yana yin tayoyi masu zane da rubutu irin na da amma da sabuwar roba, kuma ban ga dalilin da mai hankali zai sa iyalinsa a mota ya ƙi irin wannan ba.

Inda ni ma nake tsayawa in ƙi shi ne wurin yaudara. Yau kamfanin Dynacorn yana sayar da gangar jikin Camaro da Mustang sabuwa dal, da izinin masu ainihin sunan, ta yadda mutum zai iya haɗa mota sukutum ba tare da ƙusa ɗaya ta 1969 ba. Wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa. Laifin yana zuwa ne lokacin da wani ya kankare lambar inji ya buga wata, ko ya ciro farantin lamba daga ruɓaɓɓiyar mota mai daraja ya manna a sabon jiki don ya ruɗi mai saye, abin da dokar Amurka ta haramta. Masu Ford suna da sauƙi, domin kamfanin Marti yana riƙe da bayanan motocin da aka ƙera daga 1967, masu Pontiac ma suna da inda za su nemi takardunsu, amma yawancin bayanan Chevrolet na wancan lokaci babu su, shi ya sa ake raha cewa Chevelle LS6 ta 1970, mai ƙarfin doki 450, ta fi yawa yau fiye da yadda masana'anta ta ƙera ta. A nan wata takarda mai jerin kayan da aka saka wa motar, da ta yi ja saboda tsufa, wadda ma'aikaci ya cusa ƙarƙashin kujera ko bisa tankin mai ranar da aka haɗa motar, takan fi fenti mai sheƙi tasiri a kan farashi.

Dattijon nan bai jefar da komai ba. Tsohuwar kafiretar da ya cire tana cikin kwali a kan kanta a garejinsa, ruɓaɓɓen madigadin yana jingine da bango, kuma yana da jaka cike da rasit inda ya rubuta kowane abu da ya sauya da ranar da ya sauya shi. Ya ce mini duk wanda ya sayi motar bayansa da waɗannan zai tafi. Ranar Asabar da ta wuce na ji rurin injinta tun daga cikin ɗaki, na leƙo na gan shi yana fita da jikarsa a kujerar gaba.