Wayar da na zarga da wayar da ta yi laifi

A ƙarshen daminar bara na shiga kasuwar Sabon Gari a Kano na sayi amfilifaya ta hannu, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan sifiku guda biyu, domin na gaji da sauraron kiɗan kalangu daga bakin wayar salula, inda ganga take fita kamar ana ƙwanƙwasa gwangwanin madara. Mai shagon ya gwada mini kayan a gabana, kuma da makaɗin ya saki hannu sai da na ji ƙirjina yana amsawa. Na biya ba tare da dogon ciniki ba, na loda su a adaidaita sahu. Isata gida ta yi daidai da ɗauke wuta, amma zumuɗi bai bar ni na jira gari ya waye ba, sai na durƙusa bayan kabad da tocila a baki, na haɗa komai da komai, na kwanta ina jin kaina injiniya.

Washegari da aka kawo wuta na kunna, sai ga gwangwanin madarar nan ya dawo, illa dai yanzu ya ƙara girma. Kaurin sautin da samari suke kira bes ya ɓace gaba ɗaya, muryar mawaƙin kuma ta ƙi tsayawa wuri guda, tana yawo a falo kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci. Na kira mai shagon ina huci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, kayana lafiya lau suke, ka je ka duba wayarka." Na sauke wayar daga kunnena na dube ta da kyau, na ce lalle ke ce.

Manhajar da nake jin waƙa da ita Spotify ce, wadda ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, kuma da na kutsa cikin saitinta na tarar da abin da ya ƙarfafa zargina. Ashe tun tuni na kunna tsarin tattalin data, wanda yake sauko da waƙa zuwa mataki mafi ƙasa, wajen kilobit 24 a daƙiƙa, alhali akwai matakin 96 da na 160, sannan akwai na 320 ga wanda ya biya kuɗin wata. Na biya, na ɗaga shi zuwa 320, ban tsaya yin lissafin cewa wannan matakin yana cin megabait 144 a kowace awa ba. Datar da take kai ni wata guda ta ƙare a kwana tara, na koma ina roƙon uwargida ta jona mini tata. Gaskiya sautin ya ɗan washe, domin a tsofaffin waƙoƙin da aka kwaso daga kaset har shuuu ɗin zaren kaset ɗin na fara ji tangaran. Kalangun dai yana nan a gwangwaninsa.

Daga nan na koma kan Bluetooth, wanda da shi nake jona wayar da amfilifaya ba tare da kebul ba. Na karanta cewa tsarin da yawancin na'urori suke amfani da shi, wanda ake kira SBC, yana sake matse waƙar da tun asali a matse ta zo, wato kamar a kwance kaya daga buhu a sake cusa su cikin wani buhun. Na nufi kasuwar waya ta Farm Centre na nemo kebul mai kan milimita 3.5 a gefe ɗaya da kawuna biyu, ja da fari, a ɗaya gefen. Yaron shagon ya nuna mini na talakawa, sannan ya rage murya ya zaro wani daga ƙarƙashin kanta, ya ce wannan bakinsa ruwan zinare ne. Ni da na zo neman magani ban ga dalilin yin rowa ba. Na haɗa da wata 'yar na'ura mai tsawon ɗan yatsa da ake kira DAC, wadda aikinta shi ne mayar da lambobin da ke cikin waya su zama sautin da amfilifaya za ta iya ƙarawa ƙarfi.

Kebul ɗin zinaren ya zo da nasa baƙon. Duk lokacin da na sa wayar a caji tana kiɗa, sai wani gunji ya taso daga sifikun kamar zuma ta yi gida a ciki, in na zare cajar kuma ya ɗauke ɗif. Saboda haka sauraron waƙa a gidana ya koma sai batir ya cika, kuma yana ƙarewa taro ya watse.

Da waya ta ƙi amsa laifinta, sai na tuhumi ɗakin. Falona tayil ne a ƙasa, bango kuma siminti tsirara, kuma an ce irin wannan wuri yana mayar da amo ya cakuɗa sauti. Na shimfiɗa darduma biyu, na sauya labule da mai kauri, na jingina katifar baƙi a bangon baya, sannan na auna da igiya na ajiye kujerata a inda nisanta da kowace sifika ya zama daidai da nisan da ke tsakaninsu. Uwargida ta leƙo ta ga katifa a tsaye, ta ce, "Maigida, in tashi za mu yi daga gidan nan ka faɗa mini in fara ɗaure kwanukana." Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a kan kujerar nan da na auna da igiya sautin ya fi ko'ina lalacewa, amma in na tashi na tsaya a bakin ƙofa kusa da sifika ɗaya, sai kaurin ya ɗan dawo. Na yi kusan mako biyu ina jin waƙa a tsaye a ƙofar falona kamar almajirin da yake jiran a ce masa ya kawo kwano.

A haka ɗan ƙanwata, wanda yake koyon aikin lantarki a makarantar fasaha, ya zo gaishe mu ya same ni a tsaye. Na zayyana masa tarihin jinyar tun daga kilobit har zuwa katifa. Bai ce komai ba, ya murɗa maɓallin da yake karkatar da sauti zuwa sifika ɗaya, sai ga kalangu ya yi magana da muryarsa ta gaskiya, ya mayar da shi tsakiya, gwangwani ya dawo. Ya leƙa bayan kabad ya daɗe, sannan ya ɗago cikin ladabi ya ce, "Kawu, wa ya haɗa maka wayoyin nan?" Na ce wani yaro ne.

A sifikar hagu, jar waya tana cikin baƙin rami, baƙar kuma tana cikin ja. Ya bayyana mini cewa idan aka juya ɗaya haka, lokacin da fatar sifikar dama take turo iska waje, ta hagu janye ta take yi ciki, sai kaurin sautin ya kashe junansa, kuma ya fi mutuwa a daidai tsakiya, wato a inda na kafa kujerata da igiya. Gyaran bai kai minti biyu ba, ko sukudireba bai nema ba. Da ya sake kunnawa sai da gilasan taga suka yi rawa, mawaƙin kuma ya samu wuri ya zauna a tsakiyar falo.

Na kira mai shagon domin in wanke shi, ya ce, "Ai tun ranar na ce maka ka duba wayarka, Alhaji." Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna cewa tun kafin a ƙirƙiro salula Bahaushe yake kiran zaren lantarki waya, na rufe bakina. Na ja yaron gefe na roƙe shi kada maganar ta kai kicin, ban san uwargida tana tsaye a bayanmu ba, ta riga ta kama kan katifar baƙi tana ja. Ta ce ita ba ta ji komai ba, tambaya ɗaya kawai take da ita, ko maƙeran zinare suna sayen kebul.