Duke Ellington ba shi kaɗai ba ne

Malam, sannu da ƙoƙari, amma inda ka ce Duke Ellington, makaɗin jazz ɗin nan na Amurka, shi kaɗai ya tsara duk kiɗan ƙungiyarsa, akwai gyara. Ina ka bar Billy Strayhorn, abokin aikinsa wajen tsara kiɗa? Tun 1939 suke aiki tare har Strayhorn ya rasu a 1967, kuma taken da ƙungiyar ke buɗe wasa da shi, "Take the A Train", na Strayhorn ne.

Ni abin da ya fi burge ni da Ellington shi ne iya riƙon mutane. Harry Carney, mai busa babban sakso (wani abin busa na ƙarfe), ya shiga ƙungiyar a 1927 yana ɗan saurayi, bai fita ba sai da maigidan ya rasu a 1974, shi ma bayan 'yan watanni ya bi shi. Shekara 47 fa! Ellington kan tsara sashe ne don bakin wani mabushi takamaimai.

Faifan wasan da suka yi a bikin jazz na Newport a Amurka a 1956 kuwa, da belun kunne nake sauraronsa. Paul Gonsalves, wani mai sakso na ƙungiyar, na busa, kana jin ihun jama'a na ƙaruwa, har ka rasa wa ke zuga wa.

Zuwan Ellington Dakar a 1966 ma ka tsallake.